Ƙofar da muka bari a buɗe cikin na'urorin intanet ɗinmu

Duk banki ko jami'a ko asibiti ko ma'aikatar da ta jona kwamfutocinta da intanet tana da wasu na'urori biyu da ba kasafai ake kula da su ba. Ta farko ita ce rauta, wadda ke sada gidan da duniyar waje. Ta biyu kuwa suwic, mai rarraba saƙonni tsakanin kwamfutocin cikin gida. Kowacce daga cikinsu tana da wata ƙofa ta musamman wadda injiniya kan bi ya ba ta umarni ko ya gyara ta, ko da yana wani gari. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, bai kamata wannan ƙofar gudanarwa ta fuskanci intanet kai-tsaye ba, kuma alhakin tabbatar da haka yana wuyan shugaban ma'aikata kafin ya hau kan injiniya.

Wanda duk ya shiga ta wannan ƙofa ya mallaki hanyar da kowane saƙo ke bi. Yana iya kwafar bayanai, ya karkatar da masu neman shafin banki zuwa shafin jabu, ko ya katse sadarwar baki ɗaya. Manhajar kariya da aka sanya a kwamfutoci ba za ta gan shi ba, domin ba a cikinsu ya ɓuya ba.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda na'urorin kan fito da su daga masana'anta. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani nau'inta ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ya durƙushe a sassa da dama na ƙasar. A watan Nuwamban shekarar, manhajar tasa ta katse rautoci kusan 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus, ta wata ƙofa da kamfanonin sadarwa ke bi su kula da na'urorin daga nesa. A Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8.

Wani zai ce ai maganin abin shi ne kalmar sirri mai ƙarfi. Wajibi ce, amma ba ta wadatar ba. A watan Oktoban 2023 an gano wata ɓaraka a shafin gudanarwa na manhajar IOS XE ta kamfanin Cisco, wadda ta bai wa masu kutse damar buɗe wa kansu asusu mai cikakken iko ba tare da sanin kalmar sirrin kowa ba. Cikin 'yan kwanaki suka shige dubun-dubatar na'urori, kuma waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda aka bar shafin nasu a buɗe ga duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gaskiya ne injiniyoyinmu suna da uzuri. Ƙwararru ba su da yawa, kuma ba adalci ba ne a ce mutum ya taso daga Abuja zuwa Gusau ko Maiduguri, da halin da hanyoyi ke ciki, don gyaran minti biyar. To amma akwai hanyar aiki daga nesa ba tare da an wangale ƙofa ba. Ana ɓoye ta a bayan keɓaɓɓiyar hanya ta VPN, a taƙaita shiga ga wasu sanannun adireshi, a yi watsi da Telnet mai aika kalmar sirri a fili a koma ga SSH mai ɓoye ta, sannan a riƙa sabunta manhajar na'urar. Akasarin waɗannan matakai ba sa buƙatar sayen komai.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin kwangila. Sau da yawa ɗan kwangila kan girka na'ura, a biya shi ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa, shekaru su shuɗe babu wanda ya san ko wa da wa ke iya shiga. Ya kamata kowane shugaba ya nemi a kawo masa a rubuce: na'urori nawa muke da su, wace ce ake iya sarrafawa daga waje, wa ke riƙe da kalmar sirrinta, kuma yaushe aka sabunta ta? Kada a biya cikon kuɗin kwangila sai an miƙa waɗannan bayanai an kuma canja kalmomin sirri.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. A Yunin 2023 hukumar CISA ta Amurka ta umarci ma'aikatun tarayya na farar hula su janye irin wannan ƙofa daga intanet, ko su killace ta, cikin kwana 14 da gano ta. Tun Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta haramta sayar wa jama'a na'urori masu kalmar sirri ta gama-gari mai sauƙin cinka. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke tantance na'urorin sadarwa kafin su shiga kasuwa, tana iya gindaya irin wannan sharaɗi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa tuni ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Bayanan majiyyata da na ɗalibai da na masu ajiya amana ce, kuma shugaban da bai san ko wa ke riƙe da mabuɗin rautarsa ba, bai kai ga sauke ta ba tukuna.