Idan Gani Ya Raunana, Makullin Mota Amana Ne

Mun saba ganin dattawanmu suna tuƙa kansu zuwa sallar Asuba da Isha'i, alhali idanunsu sun fara rauni. Mai yanar ido, fitilar motar da ke tahowa takan kashe masa ido. Hawan jinin ido kuwa yana cinye ganin gefe sannu a hankali ba tare da ciwo ba, har yaro ya fito daga lungu direba bai ankara ba.

Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Kisan kuskure ma yana wajabta diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Ina ga wanda ya san ganinsa ya ragu, ya yi sakaci?

Muna kira ga iyayenmu su riƙa zuwa gwajin ido kowace shekara. Ana cire yana ta hanyar tiyata, kamar a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda dare ke rikita wa gani, ya haƙura da tuƙin dare. 'Ya'ya kuma kada su ƙwace makulli cikin gatsali. Su kai Baba masallaci da kansu, wannan ma biyayya ce.

Allah ya tsare mu, amin.