Jakar Birkin: A Sayi Jabu Ko A Ɗinka Ta Gida?

Yau zancenmu a kan jakar hannu ne, amma ba irin wadda kike jefa goro da canjin cefane a ciki ba.

A ranar 10 ga Yulin 2025 aka yi gwanjon wata tsohuwar jaka a kamfanin Sotheby's da ke Faris, aka saye ta Yuro miliyan 8 da dubu 600. Ita ce jakar farko da kamfanin Hermès na Faransa ya yi wa 'yar wasan nan Jane Birkin a 1984, har jakar ta ci sunanta. Sabuwa kuwa, ko ƙaramar cikinsu ce, sai an ajiye Dala dubu 10 ko fiye. Kafin wannan gwanjo, a ƙarshen 2024, wata mai kama da ita ta ɓulla a shafin intanet na kantin Walmart na Amurka a kan kimanin Dala 80, mata suka yi mata wawa. Wasu matan kuma suka ce ba za su sayi ko ɗaya ba, suka nemi fata da allura suna ɗinka tasu a gida, suna koya wa juna ta YouTube da TikTok.

To, me ya sa jaka ɗaya take tsada haka? Abu uku ne. Na farko aiki. Hermès ya fara ne a 1837 da yin kayan doki, kuma har gobe da ɗinkin sirdi ake haɗa jakar: allura biyu, zare ɗaya da aka shafe da kakin zuma, kowace allura ta bi ta huda guda, ɗaya daga nan ɗaya daga can. In zaren ya tsinke a wuri ɗaya, sauran ɗinkin ba ya warwarewa kamar na keke. Baduku ɗaya ne yake yin jakar tun daga farko har ƙarshe, yakan kwashe fiye da awa 15 a kanta. Na biyu ƙaranci. Ba a shiga kanti kawai a nuna a ce a ba ni, sai an ga dama a tallata wa mutum. Na uku suna, wanda shi ya cinye mafi yawan kuɗin.

Cikin ukun nan, 'yar'uwa, aikin ne kaɗai za ki iya koya, kuma ba mai hana ki. Sunan kuwa dukiyar mai shi ce. Mace ta ɗinka wa kanta jaka mai murfi da hannu biyu ba laifi ba ne. Amma ranar da ta buga tambarin wani kamfani ta kai kasuwa, ta zama mai sayar da jabu. Kamfanin ya yi rajistar har siffar jakar kanta a Amurka. A 2020 wata kotu a Faris ta hukunta wasu tsofaffin ma'aikatansa saboda yin jabun Birkin. A dokar Faransa, laifin jabu yana iya kai mutum ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro dubu 300, kuma 'yan kwastan na iya ƙwace jakar a hannun matafiyi.

Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ita fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Har yanzu majema na jima da bagaruwa a Kano, manyan masana'antun fata na birnin kuma suna tura fata Italiya da Sifen. A Zariya akwai cibiyar gwamnati ta koyar da aikin fata. Wato mu sayar da fata, wasu su ɗinka su sa suna, mu kuma mu kwashe kuɗin adashi mu sayi jabun roba da zai fara ɓarewa kafin shekara ta zagayo. Ina dabara a nan?

In kina son gwadawa, fara da ƙarama, mai faɗin santimita 25. Ki zana fasalin a kwali ki yanka, ki gwada shi a atamfa ko tsohon yadi tukuna, don fata in an huda ta an huda ke nan. Sannan ki je wajen dukawa ki zaɓi fata marar tabo, ki nemi basilla biyu da zare mai ƙwari. Ki jera hudojin daidai kafin ki soma ɗinki, ki sa shafi a ciki, ki ƙarfafa gindin da abu mai tauri don ta zauna da kanta. Inda hannun jaka ya haɗu da jiki nan ne ake ninka ɗinki, don nan nauyi yake taruwa. In an gama, ki buga sunanki ko naki zanen.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku matsa wa iyaye don wance ta rataya jaka mai tambari. Yawancin waɗanda kuke gani a gidan biki ba su taɓa ganin Faris ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Hutu mai zuwa ku roƙi Mama ta haɗa ku da mai koyar da aikin hannu. Wadda aka tambaye ta inda ta sayi jakarta ta ce ni na yi, ta fi wadda take ɓoye tata kada a duba ɗinkin.

Sai mako mai zuwa. A gai da yara.