Ciyawar Shimfiɗa a Tankin Kifin Ado: Ku Daina Sayen "Iri" a Leda

Yau za mu ɗan ajiye tarwada da kaji a gefe, mu taɓa kifin ado, wanda ake sawa a tankin gilashi a falo ko ofis ko otal. Da yawanku kun ga bidiyon nan da ke yawo a Facebook da TikTok: ƙasan tanki kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ƙananan kifaye na shawagi a kai. A ƙarƙashin bidiyon kuma ga mai talla yana cewa ka sayi iri a 'yar leda, ka barbaɗa, cikin mako guda ka samu irin wannan.

Ni ra'ayina, kada ka saya. Ko kyauta aka ba ka, kada ka zuba a tankin da ke da kifi.

Ciyawar shimfiɗa ta gaskiya ba da ƙwayar iri ake yaɗa ta ba. Ku duba dankali da rogo: wa ya taɓa zuwa kasuwa neman ƙwayar irin dankali? Yaɗonsa ake yanka a dasa. To haka ita ma take. Tana tafiya ne kamar kirikiri, ta miƙa hannu ta kafa saiwa, ta sake miƙawa. Abin da ke cikin ledar nan galibi irin wasu tsirrai ne daban. Zai tsiro kam, kwana 7 zuwa 10 ka ga kore har ka ɗauki hoto. Bayan 'yan makonni sai ko dai ya miƙe sama ya yi dogayen kara, ko ya ruɓe a cikin ruwa. Ruɓewar ce matsalar, domin ruɓaɓɓen tsiro yana sakin amoniya, ita dai wannan da ke kashe muku 'ya'yan tarwada idan an yi jinkirin canjin ruwa. Ka yi asarar kuɗin iri, ka bi da kifin.

Hanyar da ke aiki ba ta da tsada, haƙuri kawai take ci. Ka nemi tsiron mai rai ko da ɗan dunƙule ne wajen masu sayar da kifin ado, ka raino shi a waje da ruwa tukuna. Eh, a waje. Yawancin tsirran nan a bakin rafi suke rayuwa, wani lokaci ruwa ya rufe su, wani lokaci ya janye. Kuma iskar kabon da tsiro ke haɗa abincinsa da ita tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa iska. Shi ya sa ciyawar da ke jan ƙafa a cikin ruwa, idan ka bar ganyenta a sarari saiwarta a laima, sai ta yi ta gudu.

Robar da ake zuba abinci a ciki ta isa. Ka tankaɗe ƙasar lambu da rariya, ka zuba kaurin yatsa biyu, ka rufa mata yashi kaɗan, ka jiƙa ta sosai amma kada ruwa ya kwanta a sama. Ka tsinka tsiron ƙanana-ƙanana, ka dasa da tazarar santimita 2 zuwa 3. Mutane na son dasa shi dunƙule guda don ya yi kyau tun ranar farko, alhali rarrabawar ce ke sa ya cike wuri da sauri. Sai ka rufe da farar leda, ka ajiye inda haske ke samu awa 10 zuwa 12, ban da rana kai tsaye, don za ta dafa shi kamar alayyahu. Kullum ka buɗe na minti 15 ya sha iska, ka ɗan fesa ruwa idan ya nemi bushewa. Wanda ya yi kasalar buɗewar nan zai tarar da fumfuna fari kamar auduga. Mako 4 zuwa 6 robar ta cika.

Masu kaji, na san abin da ke ranku. A'a, kada ku sa kashin kaji. A gonar masara alheri ne, a tankin gilashi kuwa amoniya ce da gansakuka.

Inda na fi saɓawa da masu talla shi ne wajen zaɓen tsiro. Wadda ta fi kyau a hoto ita ce ake kira Cuba, mai ganye ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma daga ƙasar Kuba ɗin aka samo ta. Ita da Glossostigma, wadda Takashi Amano na Japan ya sa duniya ta sani, duk suna son haske mai ƙarfi, da tukunyar gas ɗin kabon, da ruwa mai ɗan sanyi. Cuba takan fara wahala idan ruwa ya haura digiri 28. Yanzu ka tuna Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, rana na kai digiri 40, ga wuta an ɗauke tun safe. Mutumin Jos zai iya gwadawa. Mu sauran, sayen Cuba sayen baƙin ciki ne.

Monte Carlo, 'yar Ajantina, ta fi ta juriya, kuma tana yi ba tare da gas ba, sai dai a hankali. Sagittaria ƙarama ta fi su duka taurin rai: tana jure ruwan burtsatse, tana jure ƙarancin haske. Aibinta ɗaya, takan yi ɗan tsayi, ta fi kama da ciyawar fili da darduma. Ga mai farawa, ni ita zan ce ya ɗauka.

Akwai kuma wadda ba sai an kawo daga Legas ba. Marsilea, 'yar tsiron nan mai ganye huɗu a kan siririn kara, tana fitowa a fadamu da gonakin shinkafa na Afirka ta Yamma, manoma na cire ta a matsayin ciyawa, alhali danginta ne ake sayarwa a shagunan kifin ado na Turai. A cikin ruwa takan rage tsayi, ganyen ya koma ƙarami. Zafinmu ba baƙonta ba ne. Amma a kula, don Allah: ruwan fadama na da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ciwon fitsarin jini. Ka sa takalmin roba da safar hannu, kada ka tura yara su ɗebo maka. In ka kawo, ka wanke, ka jiƙa a ruwan alam, babban cokali 1 a lita 4, na kwana 2, ka ɗauraye, sannan ta yi makonninta a roba kafin ta ga tanki.

Wani zai ce, Malam, wannan ai wasan masu kuɗi ne, mu abinci muke nema. Gaskiya ne masu saye ba su kai masu sayen ƙwai ba, kuma ba zan ce wa kowa ya taɓa kuɗin abincin kajinsa don wannan ba. Amma duba abin da kyau. Mai tanki yana sayen gilashi sau ɗaya, tsiro kuwa yana mutuwa ya sake nema, kuma wanda aka yi wa doguwar tafiya a mota yakan iso a galabaice. Wanda ke da shi a unguwa, sabo, wanda ya saba da ruwan garin, yana da abin da ɗan nesa ba shi da shi. Jarin kuwa roba biyu ne da taga. Sharaɗi ɗaya: kada ka sayar da duka. Yadda kake ware iyayen kifi, haka za ka ware roba guda ta zama uwa, kana yanka tana tohowa.

Ranar da za ka cika tanki da ruwa, ka zuba a hankali ta kan faranti don kada ƙasa ta tashi. Wasu ganyen za su narke, ba mutuwa ba ce, sabon ganye na ruwa ne zai maye. Ka rage haske zuwa awa 6, ka riƙa canza rabin ruwan sau biyu a mako, kifi kuma ya jira mako 3 aƙalla. In za ka sa, ƙanana irin su gupi da moli. Golfish da karfasa tona ƙasa ne aikinsu, aikin wata biyu za su tuge maka a dare ɗaya. Tarwada kam ba a ma maganarta.

Mai niyyar gwadawa ya fara da sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, domin saiwa ta kama sosai kafin zafin Maris ya shigo.