Shida Bisa Ashirin: Darasin Da Na Koya Wurin Masu Gwajin Manhaja

Ranar da ɗiyata ta dawo daga lakwal da takardar jarrabawar lissafi, abin da na fara gani shi ne jan biro a saman takardar: 6 bisa 20. Uwarta ta ce wasa ya yi mata yawa. Kakarta ta ce a nemo mata rubutun sha. Ni kuwa na ɗaga murya har maƙwabta suka ji. A cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi shidan nan ta fito, domin mun ɗauka lambar ta riga ta faɗi komai.

Bayan kwana biyu ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai, ya zo gaishe mu. Na same shi a zaure yana duba wani baƙin allo a kwamfutarsa, an jera ɗigo-ɗigo, a tsakiya ga harafin F, can gaba ga E. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Kawu, jarrabawa nake yi wa manhajar da na rubuta, wannan sakamakonta ne." Bayanin da ya yi mini daga nan shi ya sa nake wannan rubutu, domin na ga masu rubuta manhaja sun fi mu adalci wajen yanke hukunci a kan wanda aka jarraba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Manhaja tarin ƙananan gutsattsari ce, kowane da aikinsa. A ce an rubuta gutsuren da zai fitar da matsakaicin makin ɗalibi. Mai rubutun ba ya jira sai an gama manhajar duka kafin ya gwada. Yana rubuta wani ɗan gwaji da zai miƙa wa gutsuren 12 da 8, sannan ya kafa da'awa cewa amsar dole ta zama 10. Wannan da'awar ita ce zuciyar gwajin: an faɗi abin da ake sa ran gani tun kafin a ga amsa. Akwai tsare-tsare na musamman da ke tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, su gudanar da su ɗaya bayan ɗaya, su ba da rahoto. Wanda ya fi suna shi ne JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka fara rubutawa a 1997 a cikin jirgin sama daga Zurich zuwa Atlanta ta Amurka. Harshen Python, wanda ɗan ƙanwata ke amfani da shi, yana da nasa mai suna unittest tun 2001.

Abin da ya ja hankalina shi ne rahoton. Idan amsa ta yi daidai da da'awa, sai a sa ɗigo, an ci gwaji ke nan. Idan gutsuren ya yi aiki har ƙarshe amma ya ba da 9 a maimakon 10, sai a sa F, wato faɗuwa, kuma a rubuta ƙarara cewa an sa ran 10 aka samu 9, tare da layin da abin ya faru. Idan kuwa gutsuren ya tsaya cak kafin ma a kai ga da'awar, misali an ba shi ɗalibin da ba shi da maki ko ɗaya ya yi ƙoƙarin rabawa da sifiri, sai a sa E, wato tangarɗa. Haka ma idan shirin da ake yi kafin gwajin ne ya lalace, E ake sawa, domin ba a kai ga jin amsar ba balle a ce daidai ce ko kuskure. Akwai kuma ƙaramin s, na gwajin da aka tsallake da gangan, tare da dalilin tsallakewar. Kowane gwaji cin gashin kansa yake yi, faɗuwar na uku ba ta hana a gwada na huɗu. A ƙarshe rahoton yana ƙirga faɗuwa daban, tangarɗa daban, tsallakewa daban.

Da dare na ɗauko takardar ɗiyata na zauna da ita. Tambayoyi goma ne, kowace maki biyu. Ta ci uku. Biyu ta faɗi da gaske, duka a lissafin ɗebewa mai aro, kuma kuskure iri ɗaya ta maimaita. Uku labari ne da Faransanci a kan saye da sayarwa, ta bar su fayau. Da na karanta mata ɗaya da Hausa, na ce mai ƙosai ta kashe jaka biyu ta sayar jaka biyu da rabi, nawa ta samu, kafin na rufe baki ta ce dala ɗari. Kalmar "bénéfice" ce ba ta sani ba, riba kuwa tana ƙirga ta kullum a gaban kaskon uwarta. Sauran biyun a kan darasin da aji bai kai gare shi ba ne, na duba littafinta ban ga alamarsa ba. Ashe a cikin maki goma sha huɗun da ta rasa, huɗu kacal ne faɗuwa. Shida tangarɗa ce, huɗu kuma abin da ya kamata a tsallake. Jan biro ya yi musu kuɗin goro, ni kuma na ɗora faɗa a kai.

Ra'ayina shi ne, lamba ɗaya bisa ashirin ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba, alhali da ita muke yanke hukunci mafi nauyi a rayuwarsa: ya wuce, ya maimaita aji, ko a kore shi. Da ita uba ke cewa kuɗin lakwal asara ne, a kai yaron kasuwa, yarinyar kuma a yi mata aure. Kowace irin rashin nasara da maganinta. Wanda ya faɗi yana bukatar a sake koya masa wurin da ya kuskure. Wanda ya gamu da tangarɗa sai an gyara abin da ya tare shi, ko harshe ne, ko ido ba ya ganin allo, ko ya zo ba karin kumallo. Wanda ba a koyar ba kuwa, shi ke bin makaranta bashi.

Mu a Nijar tangarɗar harshe ba baƙuwa ba ce. Yaro ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya shiga aji a tambaye shi lissafi da Faransanci, jarrabawa biyu yake yi a lokaci guda, a ba shi maki ɗaya. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, kuma kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka takardar da ke yanke makomar yaro har zuwa BEPC da BAC da Faransanci take zuwa. Batun tsallakewa ma mun san shi. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen watan Oktoba. Makonnin da aka rasa darussa ne da ba a yi ba, kuma duk tambayar da ta fito daga cikinsu ba ta auna yaro.

Akwai wani darasin da ya fi wannan ɗaci. Ɗan ƙanwata ya nuna mini gwajin da aka rubuta ba tare da da'awa ko ɗaya ba. Irin wannan kullum ɗigo yake samu, ko da manhajar shirme take fitarwa, tunda ba a tambaye ta komai ba. Masu sana'ar suna tsoronsa fiye da F, domin yana kwantar da hankali a kan ƙarya. Shi ya sa da yawansu suke fara tabbatar da cewa gwaji zai iya faɗuwa kafin su yarda da cinsa. Mu ma muna da irinsa: 18 bisa 20 da aka samu ta hanyar haddar amsoshin bara, ko satar amsa, ko tausayin malami. Iyaye mukan yi shagali a kan irin wannan makin, ba mu tambayi abin da aka gwada ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Malamin da ke fama da aji cike maƙil, ga albashi da bai taka kara ya karya ba, yaushe zai rubuta wa kowane yaro dogon bayani? Yaro kuma ba inji ba ne, yau ya iya gobe ya manta. Ban ce a mayar da aji kwamfuta ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A gefen kowace tambayar da aka rasa, malami ya sa alama ɗaya cikin uku: ya yi ya kuskure, bai fahimci tambayar ba, ko ba a koyar ba. Idan ya gama gyara ya ƙirga. In rabin aji sun samu alama ta biyu a tambaya guda, to tambayar ce ke da laifi, kamar yadda mai manhaja ke komawa ya gyara gwajinsa idan ya gano da'awar ce ba daidai ba. Kafin a raba takardu kuma, ya rubuta wa kansa abin da kowace tambaya take son aunawa.

Mu iyaye namu aikin bai kai haka wahala ba, ko da ba mu iya Faransanci ba. A zauna da yaro, a sa shi ko yayansa ya faɗi tambayar da harshen gida, a ji ko zai amsa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma sai gwajin kansa ya zama na ƙwarai tukuna.

Na ba ɗiyata haƙuri a kan faɗan da na yi mata. Mun yi mako guda muna ɗebewa mai aro da ƙwayoyin wake, na kuma roƙi yayarta ta riƙa rubuta mata kalmomin saye da sayarwa na Faransanci da ma'anarsu da Hausa. Ranar taron iyaye kuwa zan ɗaga hannu in tambayi yaushe za a yi darasin da aka tsallake. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba malamanmu ladan wahalarsu.