Zaga Tsohon Birnin Sakkwato da Ƙafa: Fa'idodi da Illoli

Mu mutanen Mandera da sauran garuruwan yankin Shagari da Boɗinga, Sakkwato ba baƙon wuri ba ne a gare mu. Asibiti kan kai mu, kasuwa kan kai mu, wani lokaci kuma neman takarda a ofis. Sai dai daga tasha muke hawa kabu-kabu, a sauke mu inda za mu, mu gama uzurinmu mu juyo kafin la'asar. Na daɗe ina wannan kai da komo kafin in gane cewa kwalta kawai na sani. Birnin Shehu da Bello yana cikin lunguna, kuma lungu ba ya buɗe wa mai sauri.

Fa'idar farko da na samu da na fara zaga shi a ƙasa ita ce ƙafa tana auna tarihi yadda littafi ba ya iyawa. A makaranta mun haddace cewa Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Sifawa, wadda muke ratsawa a kan hanyarmu, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Amma sai da na tashi daga ƙofar fadar Sarkin Musulmi, na wuce Masallacin Bello, na taka zuwa Masallacin Shehu da Hubbarensa, sannan abin ya zauna mini. Tazarar ba ta gajiyar da dattijo. Ashe daular da ta kai har Adamawa da Ilori, a ɗan wannan tsakanin ake yanke shawararta. A nan ne kuma mutum zai fahimci dalilin da ya sa ake kiran wannan ɓangare Sabon Birni duk da ya haura shekara 200: don zuwan Shehu aka faɗaɗa gari aka yi masa mazauni. Kusa da nan ga Giɗaɗawa, unguwar Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, wanda ya karɓi baƙuncin wani Bature mai suna Kilafaton a 1824. Baturen ya sake dawowa, kuma a Sakkwato ajalinsa ya same shi a 1827.

Ta biyu ita ce sana'a, kuma ita ta fi riƙe ni. Kafin ka ga unguwar Maƙera Assada kunnenka ya riga ka isa. Na tsaya a wata rumfa inda yaro ke zuga wuta, gawayi na tartsatsi, wani dattijo ya ciro ƙarfe ja wur da awartaki yana dukansa a kan uwar maƙera. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Bai ɗago ba sai da ya tsoma ƙarfen a ruwa ya yi cuu, sannan ya ce, "Yawwa, ɗana. Daga ina?" Da na ce Mandera, sai ya ce ai laujen da muke yankan shinkafa da shi a fadama, wataƙila daga irin wannan rumfa ya fito. Na sayi wuƙa a hannunsa. Kuɗin mai tafiya a ƙasa a irin waɗannan hannuwa yake sauka: maƙeri, mai fura, baduku da ke ɗinka fatar jar akuyar Sakkwato, wadda tun da can ake jeme ta da bagaruwa, fatake su haura da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Wanda ke bayan babur ba ya tsayawa wurin ko ɗaya daga cikinsu.

Batun motsa jiki da rashin kashe kuɗin mota kuwa, kowa ya san wannan.

Illolin ma ba ƙanana ba ne, kuma rana ce kan gaba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40. Na taɓa yin gangancin fita a Afrilu bayan azahar, ban yi nisa ba jiri ya ɗebe ni, sai wata tsohuwa mai sayar da fura ta ja mini tabarma a inuwa tana cewa, "Zauna, ɗana, ba a ja da ranar bazara." Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya kusanci wannan. Sannan titunan ba su bar wa mai ƙafa gurbi ba. 'Yan tireda sun cinye gefen hanya, babura na bin ka har cikin lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, ga kwatocin da leda ta toshe, waɗanda da damina sukan malalo hanya.

Wata illar kuma mu masu yawon ne ke jawo ta. Lungun da nake kallo a matsayin tarihi, ƙofar gidan wani ce, da matansa da 'ya'yansa a ciki. Na ga matasa suna ɗaga waya suna ɗaukar zaure da tsofaffi ba sallama, ba neman izini, don su ɗora a TikTok. A Hubbare ma, inda baƙi daga Nijar da sauran ƙasashe ke zuwa ziyara da natsuwa, hayaniyar masu ɗaukar hoto tana ɓata wa wurin kwarjini. Wannan yana damuna ƙwarai, domin an ga inda irinsa ya kai wasu. A Malaga, birnin bakin teku a Andalus ta ƙasar Sifen, an mayar da tsakiyar tsohon gari na masu ƙafa, baƙi suka yi ta kwarara, haya ta yi tsada, har mazauna suka fito zanga-zanga a Yunin 2024 suna kukan an kore su daga unguwanninsu. Mu ba mu kai nan ba ko kusa, amma rashin ganin girman mazauna da haka yake farawa.

Akwai kuma tarihin baka da ake ƙara wa gishiri. Duk wanda ka tambaya zai ba ka labari da yaƙini, wani ya haɗa zamanin Bello da na Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya fuskanci Turawa a Giginya a Maris 1903. Maganin wannan shi ne a fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu, a ga takardu da makamai, sannan a shiga gari.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ganuwa. Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, duk sunayen suna bakin 'yan kabu-kabu, amma katangar da ta haɗa su gine-gine sun cinye ta. A mota ba ka lura da wannan rashi. Mai ƙafa ne ke nema ya rasa, kamar yadda yake ganin soron ƙasa mai zanko ana rushe shi ana ɗora bulo.

Duk da haka, da na ɗora fa'idodin da illolin a sikeli, fa'idar ce ta rinjaya a wurina, muddin an zaɓi lokaci, an riƙe ruwa, an yi sallama kafin a ɗaga waya. Na yi wa 'ya'yana alkawari cewa idan hunturu ya kama a Disamba, in Allah ya kai mu, za mu bar Mandera bayan asuba, mu tsaya Sifawa tukuna, sannan mu isa ƙofar fada kafin hantsi ya dubi ludayi.