Allon Kotu Ba Shi Ne Adalci Ba

A shekarar 2001 gwamnatin Ahmed Makarfi ta soke kotunan yanki a Jihar Kaduna, ta kafa na Shari'a da na gargajiya. To, amma sauya allon ƙofar kotu shi ne adalci? Ina!

Imam Gazali ya bayyana cewa Shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Da wannan ma'auni ake auna kowane hukunci. In mai hali ya ƙwace gonar raken talaka a Kudan, alƙali ya karɓi na goro ya tabbatar masa, to an karanta littafi amma an yanka manufarsa.

Lallai 'yan'uwa matasa su durƙusa gaban malamai su karanci Usulul Fiƙhu. Wanda bai san dalilin doka ba, da sunanta za a zalunce shi.