Ƙaramar bindiga a gidan Musulmi: Abin da ya kamata a auna kafin saye

Tun da Aminu Bello Masari, lokacin yana gwamnan Katsina, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su kare kansu, sannan gwamnatin Zamfara ta ce a nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022, wannan tambaya ba ta daina zuwa mana a masallaci ba: shin ya halatta magidanci ya sayi ƙaramar bindiga? Mai tambayar ba ɗan fitina ba ne. Sau da yawa mutum ne da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa.

Shari'a ba ta hana kare kai ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Malaman fiƙihu sun yi bayanin tunkuɗe maɓarnaci, tare da sharaɗin farawa da mafi sauƙi: tsawa, neman agaji, sannan ƙarfi gwargwadon buƙata. Amfanin fistol kuwa a fili yake: ba ta da nauyi, tana ɓoyuwa a riga, kuma irin mai ɗura kanta tana fitar da harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama, ba sai an sake ɗana ta ba. Glock 17, alal misali, tana ɗaukar harsashi 17.

To, amma mu dubi ɗaya ɓangaren. Na farko, doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta tana hannun Sufeto Janar, ta toka kuma Kwamishinan 'yan sanda. Ke nan wadda ake tallatawa a ɓoye ta haram ce a doka, hukuncinta ɗauri mai tsawo, kuma kuɗinta na komawa ga masu safarar da ke sayar wa 'yan bindiga. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta wajabta bin shugabanni a abin da ba saɓon Allah ba, taƙaita yawon makami kuwa maslaha ce.

Na biyu, shin tana biyan buƙata? Fistol makamin kusa ne, da wuya ta yi tasiri bayan mita 50. Maharan kuwa suna zuwa da yawa a kan babura, ɗauke da AK-47. Harbi ɗaya daga cikin gida na iya mayar da sata ta koma kisan iyali baki ɗaya.

Na uku, haɗarin cikin gida. Ko an cire gidan harsashi, ɗaya na iya saura a cikin bindigar. Nan ne yaro ko mai goge ta ke halaka wani. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana. Manzon Allah (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami, domin Shaiɗan na iya fizgar hannu. A Amurka, inda bindiga ta cika gidaje, ta kashe fiye da mutum 48,000 a 2021, kuma sama da rabinsu kansu suka kashe. Makamin da aka saya domin ɓarawo yana nan a ranar fushi da mata, ranar rikicin gado, ranar baƙin ciki.

Ƙa'idar fiƙihu ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Saboda haka ba mu ga dacewar magidanci ya sayi fistol ta bayan fage ba. Wanda ke da ƙarfi da niyya ya shiga tsaro mai tsari da horo, irin rundunar tsaron al'umma da Katsina ta kafa a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024, kuma su ma a sa musu ido kada su hukunta ƙabila da laifin mutum ɗaya.

Sai dai wannan haƙuri da muke nema daga talaka hujja ce a kan hukuma. Wanda ya hana mutum makami ya ɗauki amanar ransa, kuma za a tambaye shi gaban Allah. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.